Zagayen rami 18 na golf ya isa motsa jiki, ko sai an haɗa da atisaye a gida?

Dan_Barnawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sanda. Ina da maganar da nake so dattawan zauren nan da masu ilimin lafiya su duba mana. A ganina, duk wanda ke buga ƙwallon lambu, wato golf, sau ɗaya ko biyu a mako, kuma ba ya wani motsa jiki a sauran ranakun, bai kamata ya ce wasan ya ishe shi ba. Ku dubi yadda yawancinmu muke a nan Kaduna. Litinin zuwa Juma'a mutum na kan kujerar ofis ko ta shago, daga nan mota, daga mota sai falo. Asabar da sassafe ya fito daga mota, ko minti biyar bai yi a tsaye ba ya zaro direba, wato doguwar sandar bugun nesa, ya kai wa ƙwallo duka iya ƙarfinsa. Kafin a kai rami na 13 ko 14 za ka gan shi yana dafe ƙugu, bugunsa ya fara karkata dama. Cikin waɗanda muke fita tare, da wuya ka samu wanda ya haura shekara 45 ba ya kukan ƙugu ko gwiwar hannu. To wasan ne ke kawo ciwon, ko jikin ne ba mu shirya masa ba? Kuma me mutum zai riƙa yi a gida ba tare da ya biya kuɗin gidan motsa jiki ba?

Dattijo_UnguwarSarki:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, ban yarda da kai duka ba. Na haura 70, tun ina aikin gwamnati nake wasan nan, kuma ban taɓa shiga gidan ɗaga ƙarfe ba. Abin da na riƙe tafiya ce. Rami 18 idan ka taka shi da ƙafarka, ka haɗa da ratsewa neman ƙwallo cikin ciyawa, za ka yi kilomita 7 zuwa 10, wajen awa huɗu kana tafe. Wane motsa jiki kuma dattijo yake nema bayan wannan? Damuwar yaran yanzu ita ce kowa so yake ya buga nesa kamar waɗanda yake gani a talabijin. Ka rage ƙarfi, ƙugunka zai zauna lafiya.

Abban_Ikram:
Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma tafiyar ce ta sauke min tumbi.

Injiniya_Kakuri:
Akwai abin da ke ƙarfafa maganar Baba. A ƙasar Suwidin, masu bincike na cibiyar Karolinska sun bi bayanan 'yan golf kusan 300,000, suka fitar da sakamako a 2008. Sun tarar yawan mace-mace a cikinsu ya gaza na sauran jama'a masu shekaru irin nasu da kusan kashi 40 cikin 100. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Zagaye ɗaya da ƙafa ya kusa cike wannan.

Dan_Barnawa:
Injiniya, na ji, amma ka karanta sauran shawarar hukumar. A wuri guda ta ce a ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wannan ɓangaren ne nake magana a kai. Kuma binciken Suwidin batun tsawon rai yake yi, bai ce komai kan ciwon ƙugu ba. Sannan kar mu manta, dama mai ɗan lafiyarsa ne yake iya fita ya yi awa huɗu a fili.

Fisiyo_KD:
Ni aikina gashin ƙashi ne, kuma ina ɗan taɓa wasan, don haka bari in sa baki. Baba da Dan_Barnawa kowa na da gaskiya, amma abu biyu daban suke magana a kai.

Tafiyar tana yi wa zuciya da huhu da sukarin jini aiki, wannan babu ja. Bugun kuwa wani abu ne daban. Daga ɗaga sanda zuwa ƙarewar bugu bai kai daƙiƙa biyu ba, saukowar sandar kanta kusan rubu'in daƙiƙa ce. A wannan ɗan lokacin jiki yana murɗewa da sauri, kuma kullum gefe ɗaya yake murɗewa. Tafiya ba ta koya wa jiki wannan.

Ga yadda ciwon ƙugu ke samuwa. Ƙashin baya ba duka yake juyawa daidai ba. Na ƙasa, wato wajen kwankwaso, an halicce shi ne ya lanƙwasa gaba da baya kuma ya ɗauki nauyi, juyawarsa gefe kaɗan ce ƙwarai. Wuraren da aka yi domin juyi su ne kwatangwalo da kuma bayan sama, inda haƙarƙari ke haɗe. To mutumin da ya wuni a zaune, wuraren nan biyu ne suke fara sandarewa: kwatangwalo ya ɗaure, bayan sama ya ranƙwafa gaba saboda tuƙi da danna waya. Idan ya zo bugu, ƙwaƙwalwa ba ta fasa juyin ba, sai ta karɓo shi daga inda ya samu, wato kwankwaso. Ya yi haka sau 40 ko 50 a zagaye, ya ƙara da kwandon ƙwallo a wurin gwaji, mako bayan mako. Shi ya sa ciwon ƙasan baya ne kan gaba cikin ciwukan da masu buga golf don nishaɗi suke kawowa.

Ku lura da mai faskare da ya ƙware. Ba da damtse yake sara ba. Ƙafa ce ke dafe ƙasa, ƙugu ya fara, gangar jiki ta bi, hannu ya zo a ƙarshe da gatari. Haka bugun golf mai kyau yake jeruwa: ƙugu, ƙirji, hannu, sanda. Wanda ƙafarsa da mazaunansa ba su da ƙarfi, dole ya rama da hannu, daga nan gwiwar hannu da wuyan hannu su fara ƙara.

Baba, Allah ya ƙara girma, ina kyautata zaton kai ba mai yawan zama ba ne, kuma bugunka a natse yake. Shi ya tsare ka. Ba kowa ke da wannan ba.

Dattijo_UnguwarSarki:
Likita, haka ne, ina da ɗan lambu a bayan gida, ni nake ban ruwa da cire ciyawa da kaina. Ban taɓa lissafa shi cikin motsa jiki ba.

Fisiyo_KD:
Ranka ya daɗe ai shi ne atisayen naka. Tsugunno, miƙewa, ɗaukar bokiti, duk suna ciki.

Sabon_Hannu:
Don Allah Likita a faɗa mana abin da za a yi a aikace. Ni bana na fara, kuma tuni gefen gwiwar hannuna na hagu ke min zogi idan na ɗaga buta.

Tsohon_Soja_Kawo:
Kafin Likita ya amsa, ni ina da ja a kan batun ɗaga ƙarfe. Ku dubi Tiger Woods, shahararren ɗan golf na Amurka. Shi ya kawo wa wasan nan yayin gina jiki, amma ina aka kwana? A 2008 ya ci gasar US Open da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa da tsagewar ƙashi a ƙafar hagu. An yi masa aikin baya ba sau ɗaya ba, har a 2017 aka haɗe masa gaɓoɓin ƙashin baya na ƙasa. Mu da muka yi aikin ɗamara mun san abin da atisaye mai yawa ke yi wa gwiwa idan girma ya zo. Ina tsoron mu tura mutane su je su ɗauko wa kansu abin da ya fi ciwon ƙugu.

Injiniya_Kakuri:
Yallabai, amma a ƙarasa labarin. Bayan wancan aikin na 2017, mutumin ya dawo ya ci Masters a 2019 yana da shekara 43, babbar gasa ta 15 da ya ɗauka. Mai sakakken jiki ba zai tashi daga irin wannan aikin ya koma wannan matakin ba. Kuma shi da bakinsa ya taɓa cewa yawan gudun da ya yi a farkon shekarunsa ne ya taimaka wajen lalata masa gwiwa. Ga Gary Player na Afirka ta Kudu, haihuwar 1935, manyan gasa 9. Tun zamanin da ake ganin ɗaga ƙarfe zai ɓata wa ɗan golf bugu yake yi, kuma ya tsufa yana buga wasansa.

Mai_Atamfa_Kasuwa:
To John Daly fa? Ga tumbi, ga taba, ya ci manyan gasa biyu, 1991 da 1995, kuma a zamaninsa babu mai kai shi nisan bugu. Ni dai ina ganin baiwa ce. Wanda Allah ya ba, ya ba shi.

Dan_Barnawa:
Alhaji, ka nemi bidiyon bugun Daly ka kalla a hankali. Idan ya ɗaga sanda, kan sandar har ya kusa leƙa ƙasa ta bayansa. Wannan laushin kafaɗa da bayan sama da ƙugu ne wanda ɗaya cikin dubu ba shi da shi. Tumbin ne kawai muke gani, laushin ba ma gani. Mu nan akwai tumbin, laushin ne babu, shi ne damuwar da na kawo.

Fisiyo_KD:
Yallabai Tsohon_Soja, tsoronka a kan hanya yake. Babu wanda ya ce ɗan shekara 55 ya je ya kwaikwayi ƙwararru. Ko Bryson DeChambeau da ya tara jiki sosai ya ci US Open a 2020, daga baya sai da ya sauke nauyin, kuma ya sake cin gasar a 2024 da jikin da ya fi sauƙi. Abin da nake ba mutane ba ya buƙatar ƙarfe ko ɗaya.

Sabon_Hannu, ga shi. Kwana biyu ko uku a mako, minti 20 ya isa. Ka fara da tashi da zama a kan kujera ba tare da dafa hannu ba, a hankali, sau 10 zuwa 12, ka huta, ka maimaita. Idan ya yi sauƙi ka rungumi jarka mai lita 5 a ƙirji. Sai ka kwanta rigingine a tabarma, gwiwa a lanƙwashe, ka ɗaga mazaunai sama ka riƙe kaɗan ka sauke. Wannan ne ke tayar da tsokar mazaunai da zama ya kashe. Sai ka kwanta ta gefe ka tokare da gwiwar hannu, ka ɗaga ƙugu ka riƙe daƙiƙa 20, ka juya ɗaya gefen.

Na bayan sama kuma, ka zauna a bakin kujera, ka matse matashi tsakanin gwiwoyinka don kada ƙugu ya motsa, ka ɗora sandar golf a kafaɗunka ta baya, ka juya dama a hankali har inda ya tsaya, ka yi numfashi, ka juya hagu. Da yawa a nan suke gane gefe ɗaya ya fi ɗaya tafiya nesa ba kusa ba.

Idan kana son abin ja, ka je wurin mai faci ka karɓi tsohon tiyub na keke. Ka ɗaure shi a ƙarfen taga daidai ƙirjinka, ka tsaya gefe, ka riƙe da hannu biyu, ka miƙa hannun gaba. Robar za ta riƙa jan ka ta juya ka, kai kuma ka ƙi juyawa. Za ka ji cikinka ya ɗaure. Wannan ɗaurin shi ne garkuwar kwankwaso lokacin bugu. Ka duba tiyub ɗin kada ya zama ya fara tsagewa, don idan ya tsinke fuska yake nufa.

Batun gwiwar hannunka: idan da dama kake bugu kuma zogin a gefen waje na hannun hagu yake, yawanci jijiyar tsokar da ke ɗaga wuyan hannu ce ta gaji. Sababbin 'yan wasa suna matse sanda da yawa, suna kuma sarar ƙasa kafin ƙwallo. A ranin Kaduna da ƙasa ta bushe ta yi tauri, duk saran nan a gwiwar hannu yake sauka. Ka rage yawan ƙwallon da kake bugawa a wurin gwaji, ka sassauta riƙo, idan ya ƙi sauka ka zo asibiti a duba.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai Likita, Allah ya saka da alheri. Maganar sarar ƙasa kamar kana wurin.

Tsohon_Kadi:
Salamu alaikum iyayen gida. Ni a ɗaukar jaka na tashi, a nan na koyi wasan, yanzu ina koya wa wasu. Ina so in faɗi abin da mu muke gani daga baya, don mu ne ke tsaye bayan mai bugu.

Na farko, mutum zai iso a makare, abokansa na jiran sa, ya ɗaura takalmi a tsaye, ya wurga sanda sau biyu a iska, shi ke nan wai ya shirya. Ramuka uku na farko duk a ɓace suke tafiya, sai ya ce yau ba ranarsa ba ce. Alhali jikin ne bai farka ba. Da sanyin hunturu abin ya fi muni, ƙarfe bakwai na safe hannu a ƙandare. Minti goma kacal ake nema: ka yi tafiya da sauri daga wurin ajiye mota, ka wurwurga ƙafa gaba da baya, ka juya kafaɗa, ka haɗa sanda biyu ka yi lilo da su a hankali, ka fara da gajeren bugu kafin ka taɓa direba.

Na biyu, jaka. Doka sanda 14 ta yarda da su, amma za ka ɗaga jakar wani ka ji kamar an zuba duwatsu. Tsofaffin ƙwallaye cike da aljihu, lema, takalmi na biyu, ruwa. Kilo 10 ko fiye, yaro ya rataya a kafaɗa ɗaya awa huɗu. Da yawa cikinmu kafaɗarmu ɗaya ta fi ɗaya sauka. Idan ana maganar lafiyar 'yan golf, don Allah a tuna da yaran nan. Jaka mai igiya biyu ko keken ja yana rage musu wahala sosai, kuma idan za ka sayi ruwa ka saya da su.

Hajiya_Malali:
Allah ya yi maka albarka Malam, wannan magana ta biyu ta taɓa ni. Sau da yawa yaron ko karyawa bai yi ba ya fito.

Ina kuma so in shigo da namu ɓangaren, don duk misalan da aka kawo maza ne. Mu mata da ke wasan nan a Kaduna ba mu da yawa, kuma yawancinmu mun fara ne bayan mun gama haihuwa. Ba kowace ce za ta iya zuwa Dandalin Murtala da asuba ta shiga cikin maza tana sassarfa ba, kuma gidajen motsa jikin da ke ware wa mata lokaci ba su da yawa. Ni a tsakar gida nake nawa, bayan na sallami yara. Abin da na lura da shi, mu laushin jiki bai cika zama damuwarmu ba, ƙarfin ne babu, musamman a wuyan hannu da ciki. Tun da na fara ɗaukar jarka biyu ina zagaya tsakar gida da su, na ji sandar ta daina jujjuya min a hannu idan ƙwallo ta faɗa ciyawa mai kauri. Likita, akwai wani abu na daban ga wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa?

Fisiyo_KD:
Hajiya, abin da kika lura da shi daidai ne, kuma ɗaukar jarkar nan atisaye ne mai kyau, yana gina riƙo da ciki lokaci guda. Ga mace akwai ƙarin dalili: bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana rage ƙwari da sauri, kuma atisayen ɗaukar nauyi na taimakawa wajen riƙe shi. Wadda aka yi wa aiki, idan an daɗe kuma likitarta ta sallame ta, za ta iya duk abin da na lissafa, sai dai ta fara da kaɗan. Idan tana ganin tsakiyar cikin yana tasowa kamar tudu lokacin da ta yunƙura, ko fitsari na kuɓuce mata, ta tsaya ta je a duba ta tukuna. Ana gyara shi, ba abin kunya ba ne.

Abban_Ikram:
Ni tambayata azumi ce. Yaya kuke yi? Idan ya faɗo a watan Maris ko Afrilu, wallahi rami 9 ma aiki ne.

Dattijo_UnguwarSarki:
Da azumi rami 9 nake yi bayan la'asar, in gama daidai lokacin komawa gida shan ruwa. Ban taɓa yin 18 da azumi a baki ba, kuma ba na ba kowa shawarar yi. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa ya tambayi likitansa kafin ya fito, kada ya biye wa abokai.

Mai_Atamfa_Kasuwa:
Ni ajiye sanduna nake sai bayan salla. Amma kuma a makon farko bayan salla ne ƙuguna ke fi damuna, sai na haɗiyi maganin ciwon jiki kafin in fita.

Fisiyo_KD:
Alhaji, don Allah a nan zan roƙe ka. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka sha su aka shiga rana ana zufa ba a shan ruwa sosai, ƙoda suke wahalarwa, kuma suna tayar da gyambon ciki. Mai hawan jini ya fi kowa shiga haɗari. Sannan suna rufe maka ciwon ne, ka je ka ƙara murɗa wurin da ke neman hutu. Abin da ke faruwa da kai a fili yake: wata guda jiki bai yi juyin ba, rana ɗaya ka dawo masa da rami 18. Ko da azumi, atisayen kujera da sanda a kafaɗa minti biyar ne bayan tarawi, ba ya jawo ƙishi.

Tunda an zo nan, duk wanda ciwon bayansa ke sauka har ƙafa, ko ƙafar na dindiris ko tana rage ƙarfi, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, wannan ba na atisaye ba ne, asibiti zai nufa ba tare da jinkiri ba. Haka wanda ƙirji ke ɗaure masa ko numfashi ke yanke masa a ɗan hawa. Masu hawan jini kuma kada a riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi, a fitar da shi yayin yunƙuri.

Malam_TudunWada:
Ina bin muhawarar tun farko. Ni ina ganin musulmin da ke salla biyar da natsuwa yana da rabonsa na laushin jiki: ruku'u, sujada, zaman tahiya, tashi. Dattawanmu da yawa sun kai 80 suna zama a ƙasa suna tashi ba mai kama su. Ba don motsa jiki ake salla ba, ibada ce, amma amfanin yana nan.

Injiniya_Kakuri:
Haka ne Malam, wanda ya saba zama a ƙasa da tashi ya fi mai kujera laushin gwiwa da idon sawu. Sai dai duk motsin gaba da baya ne, babu murɗawa gefe da sauri, wadda ita Likita ya ce take kama mu.

Wani abin da ba a taɓo ba shi ne nisa, kuma mu faɗi gaskiya shi ne ke ran kowa. Ƙwararrun Amurka kan direbarsu na gudun wajen mil 113 zuwa 115 a awa a matsakaici, mu masu nishaɗi yawanci muna wajen 90. Duk mil ɗaya da ka ƙara yana ba ka kusan yadi biyu da rabi. Mutum zai zuba kuɗi masu yawa ya yi odar sabuwar direba don yadi goma, alhali ƙarfin ƙafa da laushin ƙugu za su iya ba shi wannan. Kuma shekaru ba su rufe ƙofa ba: Phil Mickelson ya ci babbar gasar PGA a 2021 yana da shekara 50, babu wanda ya taɓa cin babbar gasa da ya kai shi shekaru.

Tsohon_Soja_Kawo:
Injiniya, ka ga inda nake tsoro kenan. An fara da maganar kare ƙugu, yanzu an koma neman nisa. Da zarar ka ce wa mutum zai ƙara yadi 20, gobe za ka same shi yana ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa. Ni na yarda da tiyub da jarka da kujerar Likita. Abin da ya wuce nan, a bar wa matasa.

Tsohon_Kadi:
Yallabai, a rami na 15 zuwa 18 ake gane wanda ke da jiki. A nan ne za ka ga mutum ya daina tsayawa daidai, ya fara miƙewa kafin sanda ta taɓa ƙwallo, sai ta tafi tana birgima a ƙasa. Ba ilimin bugu ya ɓace masa ba, cinya ce ta gaji. Wasu kuma yunwa ce da ƙishi. Mutum ya fito da shayi kawai a ciki, sai ƙarfe sha ɗaya hannu ya fara rawa a kan ɗan bugun da bai kai taku uku ba. Dabino, ayaba ko gyaɗa a aljihun jaka, da kurɓar ruwa a kowane rami tun kafin a ji ƙishi, suna gyara ƙarshen wasa fiye da yadda ake zato. Da zafin bazara wasu na zuba garin gishiri da sukari na kemis a gora ɗaya.

Hajiya_Malali:
A ƙara da hula mai faɗi. Da damina kuma idan aka ji tsawa a bar fili nan take, kada a fake ƙarƙashin bishiya da sanda a hannu.

Dan_Barnawa:
Na gode wa kowa. Baba, bari in dawo gare ka, don kai ka fara ja da ni. Bayan bayanin Likita, har yanzu kana kan cewa tafiyar ta isa?

Dattijo_UnguwarSarki:
Ɗana, ga wanda ke fita sau uku a mako, yana takawa da ƙafarsa, yana aikin hannu a gida, bai kuma ɗora wa kansa gasar nisa ba, har yanzu ina cewa ta isa. Ga ɗan ofis mai fitowa Asabar kaɗai, na bar maka. Amma ina jiye muku abu ɗaya: kada a cika wa mutane sharuɗɗa har su ga wasan ya zama aiki su daina fitowa. Na san waɗanda in ba don golf ba, ko ƙofar gida ba za su taka ba.

Mai_Atamfa_Kasuwa:
Ni dai ban gamsu cewa jarka za ta gyara min bugu ba, tawa matsalar daga riƙon sanda take, mai koyarwa ya faɗa min. Maganin ciwon jikin dai na ji, zan bari.

Sabon_Hannu:
Likita, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Atisayen nan, ana yin sa ranar da za a buga wasa, ko sai ranar hutu? Kuma da gwiwar hannun nan tawa, in fara na tiyub ɗin yanzu ko in jira zogin ya sauka?

Fisiyo_KD:
Na ƙarfi a ranakun da ba ka wasa, ka bar kwana ɗaya tsakani. Ranar wasa ɗumama jikin da Malam Tsohon_Kadi ya bayyana kawai za ka yi. Na kujera da na tabarma ka fara yau, ba ruwansu da gwiwar hannu, sai dai na kwanciya ta gefe ka tokare da hannun dama kaɗai tukuna. Na tiyub ka gwada da roba mai laushi, idan riƙon ya tayar da zogin ka ajiye shi sai an duba ka. Alhaji Mai_Atamfa, ka gwada juyin kujerar nan sau ɗaya ka faɗa mana gefen da ya fi tafiya, ina son in ji.